Ƙasa da Sifiri

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba ya sallama.
Tun Litinin yake dukan kwanon makarantarmu.
Yau Alhamis, ƙarfe huɗu,
kowa ya watse, sai su bakwai da ni,
da murhun itace mai tari kamar tsoho.

Bakwai ɗin da takarda ta ce sun gaza.
Ni ban ce ba. Takarda ce ta ce.

Nahuel na can ƙurya, hula har gira,
shekara sha uku, tafinsa duk kantar igiya.
Cikin duhu yake ɗaure jirgin ubansa,
amma ya ga rabi da sulusi a layi ɗaya
sai ya ajiye fensir, wai kansa dutse ne.
Wa ya gaya maka?
Ya ɗaga kafaɗa. Ya daɗe da ji, har ya manta bakin.

Na bi sawunsa baya, aji bayan aji,
kamar mai neman inda rufi ke yoyo:
ba inda ɗigo ya sauka hujin yake ba.
Bakwai, ba nan ba. Shida, a'a.
A aji huɗu na same shi,
shekarar da uwarsa ta kwanta a asibitin Castro.
Wata uku kujerarsa ba kowa,
aka raba lemo kashi takwas a kan allo
ba a ajiye masa nasa ba.
Tun ranar ake ɗora masa bene
a kan ginin da ba shi da tushe.

To, muka koma huɗu.
Wanda ya yar da allura a ɗaki
ba ya nemanta a kasuwa.

Fresia ta kawo dankali daga gonar kakarta,
shuɗi da ja, irin na tsibirin nan.
Muka yanka. Rabi. Rubu'i.
Anselmo ya tauna sudusi biyu ɗanye,
ya ce yanzu ya gane sulusi: ga shi nan a cikinsa.
Dariyarmu ta farko ke nan tun Maris.

Ba kullum ba fa.
Akwai ranar da Yasna ta yaga shafi tana kuka.
Akwai ranar da ni na ɗaga murya,
na kwana ina cizon yatsa.
Da su takwas ne.
Baltasar ya bi yayansa wurin kiwon kifi,
har gobe ina share masa kujera.

Yau kuma lambobin ƙasa da sifiri.
Nahuel ya ce ƙarya ce,
ta yaya abu zai gaza babu?
Na buɗe baki, na rasa ta cewa.

Sai ya leƙa taga, wajen gaɓa,
inda teku ta janye ta bar jirage kwance a laka,
gidajen katako tsaye kan dogayen ƙafafu.
Ya ce, kamar da kansa yake:
Akwai zane a turken mashiga.
Baba na ce masa sifiri.
Ruwa kan sauka ƙasa da shi.

Na ce: in ya sauka taku biyu,
ya juyo ya hau biyar?

Shiru. Kwano na ta amo. Leɓensa na motsi.

Uku. Bisa zanen.
Ya faɗe ta a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ban tafa ba.
Na san shi, yabo kan tashe shi kamar tsuntsu.
Alli kawai na miƙa masa.
Ya ja turke a allo, daga sama har ƙasa,
ya tura hula baya.
Ashe yana da goshi.

Saura sati biyar jarrabawa,
ban san su nawa za su haye ba.
Mota ta yi ham a bakin titi, suka kwasa da gudu.
Na rubuta wa mai shara a gefen allo:
Don Allah, a bar wannan turken.